Tsadar Rayuwa da Akwatin Zaɓe: Shin Kukan Jama'a Yana Komawa Ƙuri'a?

Tun da aka fara kaɗa gangar siyasar 2027, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa a shirye-shiryen rediyo, da majalisun 'yan kasuwa a Wuse da Utako, da cikin motocin da ke jigilar ma'aikata daga Nyanya da Kubwa zuwa tsakiyar Abuja: idan har jama'a na kuka da tsadar rayuwa kamar yadda ake ji, shin wannan kukan ne zai raba gardama a ranar zaɓe? 'Yan adawa na magana tamkar an riga an gama, domin a ganinsu yunwa ba ta san jam'iyya ba. Magoya bayan gwamnati kuma suna nuna alƙaluman da ke cewa hauhawar farashi na sauka, naira ta daina tangal-tangal, gwamnoni na ta sauya sheƙa zuwa APC, don haka su ma a wurinsu zance ya ƙare. Kowane ɓangare yana da ƙuri'ar jin ra'ayi ko wani rahoto da yake kafa hujja da shi, alhali mafi yawan masu yaɗa waɗannan rahotanni ta wayoyinsu ba su tsaya sun duba wanda aka tambaya ba, ko abin da aka tambaye shi, balle su bincika ko shi ne mutumin da zai fito ya bi layi a rumfar zaɓe.

Mece ce ƙuri'ar jin ra'ayi, kuma su wa ake tambaya?

Ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a hanya ce ta tambayar mutane kaɗan domin a kimanta abin da ke zukatan mutane masu yawa. Duk wanda ya saba sayen hatsi ya san ba a zazzage buhu gaba ɗaya kafin a biya kuɗi. Hannu ake zurawa a ɗebo a duba, sai dai idan daga saman buhu kaɗai aka ɗeba, inda mai kaya ya zuba mai kyau, to mai saye ya cutu. Ingancin binciken ya fi rataya a kan yadda aka zaɓo waɗanda aka tambaya fiye da yawansu.

Cibiyar Afrobarometer, mai hedikwata a birnin Accra na Ghana, wadda ke wannan aiki a ƙasashen Afirka tun 1999, takan tura ma'aikata gida-gida a Najeriya su yi hira ido da ido da mutum 1,600, cikin harshen da mutum ya zaɓa, rabi maza rabi mata, daga birane da ƙauyuka gwargwadon yawan jama'ar kowane yanki. Da wannan adadi, sakamakon zai iya kaucewa ainihin ra'ayin ƙasa da kimanin kashi biyu da rabi cikin ɗari, sama ko ƙasa. Kamfanin NOIPolls da ke nan Abuja shi ke yi mata aikin fili a zagayen baya-bayan nan, kuma shi ma yana da nasa binciken da yake yi ta wayar tarho. Binciken waya ya fi sauri da araha, amma yana tsallake matar da ke ƙauye wadda wayar gidan ke hannun mijinta, da manomin da babu sabis a garinsu, kuma waɗannan suna cikin waɗanda suka fi fitowa zaɓe a Arewa. Can ƙasa da su duka akwai ƙuri'ar da ake buɗewa a Facebook ko X, ko kiran waya a shirin rediyo, inda wanda ya ga dama ne yake shiga. Wannan tana nuna wane ne ya fi magoya baya masu zafi da data, ba ta wuce nan ba.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi kowane irin bincike, mai kyau da maras kyau. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, domin wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta, saboda haka duk mai son raba mutanen da zai tambaya gwargwadon yawan jama'a da ƙiyasi yake aiki. Garuruwa irin su Lugbe da Mararaba sun ninka abin da suke a wancan lokaci.

Abin da jama'a ke cewa ya fi damun su

Afrobarometer takan nemi mutum ya faɗi manyan matsaloli har uku da yake son gwamnati ta magance. A binciken da ta yi a watan Maris na 2022, watan da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, matsalar tsaro ce ta zo kan gaba, tattalin arziki da rashin aikin yi na biye da ita. A tsakiyar 2024 kuwa tsadar rayuwa ce ta karɓe gaba. Fiye da mutum tara cikin goma suka ce ƙasar ta kama hanyar da ba ta ɓillewa, fiye da takwas cikin goma kuma suka ce ba su goyi bayan cire tallafin man fetur ba.

Ko ba a yi bincike ba, titi ya riga ya faɗi haka a waccan shekara. A watan Fabrairu mata da matasa suka tare hanya a Minna saboda tsadar abinci, a farkon Maris jama'a suka fasa wani rumbun hatsi na gwamnati a yankin Gwagwa, sannan daga 1 zuwa 10 ga Agusta aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa wadda ta fi zafi a jihohin Arewa, har aka sa dokar hana fita a Kano da Kaduna da Jos, ƙungiyar Amnesty kuma ta ce an kashe aƙalla mutum 24. Kafin shekarar ta fita, mutum goma suka mutu a turmutsutsin rabon kayan abinci a wata coci da ke Maitama, unguwar da ke cikin mafi tsada a ƙasar nan.

Ya kamata a yi hattara da jerin matsalolin da ake fitarwa ɗaya bayan ɗaya, domin a rayuwar mutum ba a rabe suke ba. Manomin Bokkos ko Birnin Gwari da ya kasa zuwa gona zai ce tsaro ne damuwarsa, mai sayen dankali da masara a Dei-Dei zai ce tsadar abinci, alhali ƙarshen igiya ɗaya kowannensu ya riƙe. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne adadin da ba a cika ambata ba: a binciken 2022, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, kusan mutum tara cikin goma ne ma suka ce ƙasar ba ta kan hanya, amma ƙasa da shekara guda bayan haka jam'iyyar da ke mulki ta sake lashe kujerar shugaban ƙasa. Duk wanda ke son fassara ƙuri'ar jin ra'ayi zuwa sakamakon zaɓe dole ya fara amsa yadda aka yi hakan ta faru.

Me ya sa lissafin gwamnati da na kasuwa ba sa haɗuwa?

Tushen ruɗanin shi ne hauhawar farashi da tsadar kaya abubuwa biyu ne da ake ɗauka ɗaya. Hauhawar farashi tana auna saurin da kaya ke ƙara kuɗi tsakanin bara da bana. A ɗauka mudun shinkafa yana naira 1,000, sai aka yi shekarar da kaya suka hau da kashi 35 cikin ɗari, ya koma 1,350. Shekara ta gaba hauhawar ta sauka zuwa kashi 15, mudun ya kai kimanin 1,550. Jami'in gwamnati zai ce an sauko daga 35 zuwa 15, kuma gaskiya ya faɗa. Uwargidan da ke cefane za ta ce abin da take saye 1,000 yanzu ya zama 1,550, ita ma ba ta yi ƙarya ba. Mai jefa ƙuri'a da farashin da ya sani a da yake gwadawa.

Abin da ya faru a zahiri ya fi wannan misali tsanani. Ranar 29 ga Mayun 2023, a Dandalin Eagle, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cewa tallafin mai ya tafi, cikin kwanaki kaɗan litar da ake saya kimanin naira 195 a Abuja ta koma 537, a watan Yuli ta zama 617, a Oktoban 2024 ta kai 1,030, kafin ta ɗan sauko bayan matatar Dangote ta shiga kasuwa. Makonni biyu bayan rantsar da Tinubu, Babban Banki ya bar kasuwa ta yanke wa naira daraja, dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar lantarki na rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, daga naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce hauhawar farashi ta tashi daga kashi 22.41 cikin ɗari a Mayun 2023 zuwa 34.80 a Disambar 2024, ta abinci kuwa ta haura kashi 40 a tsakiyar shekarar.

An ƙara mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, wato ya ninka har da ɗoriya. Sai dai 30,000 na farkon 2023 tana sayen fiye da lita 150 ta fetur, ita kuwa 70,000 a farashin Oktoban 2024 lita 68 kawai take saye. Wannan ma ga mai albashi ke nan, alhali mafi yawan 'yan Najeriya masu neman na kansu ne: ɗan acaɓa, da tela, da mai shayi, da mai tura baro, waɗanda babu wata doka da za ta ƙara musu ko sisi.

Sannan akwai sauyin ma'auni. A farkon 2025 NBS ta sabunta yadda take lissafi: ta mayar da shekarar da ake gwada farashi da ita daga 2009 zuwa 2024, ta ƙara kayayyaki a jerin da take bibiya, ta kuma rage nauyin abinci a lissafin daga sama da rabi zuwa kimanin kashi 40 cikin ɗari. Nan take adadin ya faɗo daga 34.80 zuwa 24.48, ba tare da wani abu ya yi araha haka a Kasuwar Garki tsakanin Disamba da Janairu ba. Sabunta ma'auni abu ne da kowace ƙasa ke yi, kuma Najeriya ta ma makara da yin sa, saboda haka kiran sa maguɗi rashin adalci ne. Amma iyalin da fiye da rabin abin da suke samu ke tafiya a tukunya, sabon ma'aunin bai kama da rayuwarsu kamar tsohon ba. Haka aka yi da rashin aikin yi, wanda ya faɗo daga kashi 33.3 a ƙarshen 2020 zuwa 4.1 a farkon 2023, domin sabon tsarin yana ɗaukar duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Matashin da ya gama jami'a yana zaune da na'urar POS a bakin titin Karu, a takarda ma'aikaci ne, a ransa kuwa yana neman aiki, kuma da ransa zai amsa tambayar mai bincike.

Dole kuma a faɗi cewa a 2025 wasu kayan abinci sun sauka da gaske. Albarkar damina, da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwanaki 150 da aka sanar a Yulin 2024, da daidaituwar naira, sun haɗu sun karya farashin hatsi, hauhawar farashi kuma ta sauka ƙasa da kashi 20 a watan Satumba. Sai dai sauƙin da mazaunin birni ya samu ya zama asarar manomi, wanda ya sayi taki da maganin feshi da tsada ya kuma sayar da masara da araha, har a wurare da dama buhun masara ya kasa sayen buhun taki. A jihohin da noma ne sana'ar mafi yawan masu zaɓe, saukar farashin abinci ba lalle ba ne ta zama ƙuri'a ga gwamnati.

Hujjar gwamnati da ta masu suka

Gwamnati na cewa ta gaji asusun da ya kusa durƙushewa. Tallafin mai ya ci fiye da naira tiriliyan huɗu a 2022, Bankin Duniya ya ce kashi 96 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a waccan shekara a biyan bashi ya tafi, ga kuma bashin naira tiriliyan 22.7 da aka ci daga Babban Banki. Kasafin 2023 da Buhari ya sa wa hannu bai tanadi kuɗin tallafi bayan watan Yuni ba, kuma Atiku Abubakar da Peter Obi duk sun yi alkawarin cire shi lokacin yaƙin neman zaɓe. Tana kuma nuna asusun ajiyar ƙasashen waje da ya haura dala biliyan 40, da lamunin karatu na NELFUND da aka buɗe a Mayun 2024, da sababbin dokokin haraji da suka yafe wa mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara.

Masu suka da yawa ba su musa cewa tallafin ya zama rami ba. Ƙorafinsu shi ne an cire shi tare da sakin naira a lokaci ɗaya ba tare da an shirya wa talaka matashi ba, kuma naira 25,000 a wata na tsawon wata uku da aka yi wa gidaje miliyan 15 alkawari ta gamu da tsaiko tun a Janairun 2024, lokacin da aka dakatar da shirin saboda zargin almundahana a ma'aikatar jinƙai. A daidai lokacin da ake ce wa jama'a su ƙara haƙuri ne aka sayi sabon jirgin shugaban ƙasa, aka kuma buɗe gidan mataimakinsa da ya ci naira biliyan 21. Waɗannan kuɗi ƙanana ne idan aka gwada su da kasafin ƙasa, amma a ganina sun fi kowane jadawalin NBS tasiri a kan yadda jama'a ke auna gwamnati, domin mutum ya fi jure wahalar da ya ga kowa na sha.

Wa ake ɗora wa laifi?

Kuɗin da aka daina biya a matsayin tallafi, tare da ƙarin nairar da dalar mai ke haifarwa bayan faɗuwar darajarta, suna shiga asusun tarayya ne, inda ake raba su duk wata tsakanin tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Rabon da bai cika kaiwa naira tiriliyan ɗaya a wata ba kafin Mayun 2023 ya haura tiriliyan biyu a wasu watannin 2025. Makarantar firamare, da asibitin sha-ka-tafi, da ruwan famfo, da hanyar ƙauye, galibi haƙƙin jiha da ƙaramar hukuma ne, amma idan rayuwa ta yi zafi sunan shugaban ƙasa ake kira. Shi ya ɗauki baƙin jinin cire tallafi, gwamnoni suka samu kuɗin, kuma ba kasafai ake tambayar su inda suka kai shi ba. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa.

Abuja ta fi ko'ina nuna wannan sarƙaƙiya. Ba ta da gwamna ko majalisar jiha. Minista ne ke tafiyar da ita, kuma shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, saboda haka mazauninta ba shi da hanyar saka wa ministan, Nyesom Wike, da ƙuri'a ko hukunta shi da ita sai ta kan shugaban ƙasa ko shugabannin ƙananan hukumomi shida. Wanda ke bin sababbin tituna da gadoji a cikin birni zai ce ana aiki. Wanda 'ya'yansa suka shafe fiye da wata uku a gida a 2025, saboda yajin aikin malaman firamare kan rashin biyan sabon albashi, da wanda rusau ya ci shagonsa, za su ba da wata amsar dabam. Ga kuma dubban da ke cika birnin da rana amma suna kwana a Mararaba da Masaka na jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla na jihar Neja, waɗanda aikinsu yana wata hukuma, ƙuri'arsu tana wata.

Darasin 2023

Kafin zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, ƙuri'un jin ra'ayi da dama sun nuna Peter Obi a gaba. Wadda kamfanin Premise ya yi wa Bloomberg a Satumban 2022 ta manhajar wayar zamani ta ba shi kashi 72 cikin ɗari na waɗanda suka ce sun yanke shawara, adadin da ya fi bayyana su wa ke riƙe da irin waɗannan wayoyi fiye da su wa za su yi zaɓe. Wadda NOIPolls ya yi wa gidauniyar ANAP gab da zaɓe ta ba shi kashi 21, Tinubu 13, Atiku 10, amma fiye da rabin waɗanda aka kira ko dai sun ce ba su yanke shawara ba ko sun ƙi faɗa, kuma wannan shi ne babban labarin da aka tsallake aka kama kanun. Kamfanin Stears ne ya ware yanayi biyu, ya ce idan jama'a suka fito da yawa Obi ne, idan ba su fito ba Tinubu ne.

Ba su fito ba. Cikin mutum miliyan 93.4 da suka yi rajista, kimanin miliyan 25 ne suka kaɗa ƙuri'a, wato ƙasa da kashi 27 cikin ɗari, mafi ƙaranci tun 1999. Tinubu ya samu miliyan 8.79, Atiku miliyan 6.98, Obi miliyan 6.10, Rabi'u Musa Kwankwaso miliyan 1.49. A nan Abuja, inda Obi ya samu 281,717 Tinubu kuma 90,902, waɗanda suka yi zaɓe ba su kai rabin miliyan ba cikin fiye da miliyan ɗaya da rabi masu rajista.

Waɗannan alƙaluma sun amsa tambayar da aka bari a baya, wato yadda jam'iyya mai mulki ta sake cin zaɓe duk da kukan jama'a. Fushin jama'a ya bayyana a akwati, domin APC ta faɗo daga ƙuri'a miliyan 15.2 a 2019 zuwa ƙasa da miliyan tara, ta rasa Legas, ta rasa Katsina mahaifar shugaban da ke kan mulki, kuma kusan mutum biyu cikin uku na waɗanda suka fito ba su zaɓe ta ba. Abin da ya cece ta shi ne fushin ya kasu gida uku, ga kuma mafi yawan masu fushin sun zauna a gida, wasu saboda ƙarancin takardun naira da aka shiga a lokacin, wasu saboda sun fid da rai cewa ƙuri'a na sauya wani abu.

Abin da ke tsakanin fushi da akwati

Ghana ta nuna yadda lamarin ke kasancewa idan hanya ɗaya ce. Hauhawar farashi a can ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disambar 2022, a zaɓen Disambar 2024 kuma John Mahama ya kayar da jam'iyya mai mulki da kimanin kashi 56, domin manyan jam'iyyu biyu ne kawai, duk mai fushi ya san inda zai dangwala. Sau ɗaya aka ga irin wannan a Najeriya, a 2015, bayan jam'iyyun ACN da CPC da ANPP sun narke sun zama APC tun 2013, suka tsayar da mutum ɗaya, magoya baya kuma suka riƙe kirarin a kasa, a tsare, a raka. Haɗakar 'yan adawa da aka ƙaddamar ƙarƙashin jam'iyyar ADC a Cibiyar Yar'Adua ranar 2 ga Yulin 2025 wannan darasi ta so maimaitawa, sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tsarin mulki ma ya gindaya cewa bayan rinjaye, sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, abin da ke ba jam'iyyar da ke da gwamnoni da wakilai a kowace mazaɓa fifiko babba.

Addini da yanki su ma suna shiga tsakani, kuma ba kasafai mutum ke faɗa wa baƙon da ya zo da takardar tambayoyi cewa su ne mizaninsa ba. Zai ce tattalin arziki, kuma har zuciyarsa haka ne, amma idan ya zo tantance wanda zai iya gyara tattalin arzikin, sai amana ta karkata ga wanda yake ganin nasa ne. Muhawarar tikitin Musulmi da Musulmi ta yi tasiri a Filato da Kaduna da Abuja a 2023 fiye da yadda kowane jerin matsaloli ya nuna.

Sai sayen ƙuri'a. Binciken da NBS ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya gano cewa kashi 22 cikin ɗari na 'yan ƙasa an yi musu tayin kuɗi don ƙuri'arsu a 2023, sama da kashi 17 na 2019, ko da yake fiye da rabinsu sun ce tayin bai sauya wanda suka zaɓa ba. A nan talauci yana iya yi wa mai mulki aiki maimakon ya cutar da shi, domin gwargwadon tsananin yunwa, gwargwadon yadda taliya da atamfa da 'yan dubban naira ke ƙara daraja a safiyar zaɓe.

Abin da talaka zai gani kafin 2027

Gwamnatin da ta san tsadar rayuwa ce rauninta za ta yi duk abin da za ta iya don farashin abinci da na mai su zauna ƙasa har a wuce zaɓe, kuma gwamnonin da ke da kuɗi a hannu fiye da kowane lokaci za su yawaita rabon shinkafa da taki da jarin sana'a. Mazaunin birni zai iya samun ɗan sauƙi daga wannan. Haɗarin yana wajen manomi, domin idan ya rage noma saboda asarar da ya yi, tsadar za ta dawo bayan damina ɗaya ko biyu, wataƙila bayan an riga an rantsar da wanda ya ci. Kuɗin yaƙin neman zaɓe da ke kwarara kasuwa, da neman dala da 'yan siyasa ke yi lokacin zaɓen fid da gwani, su ma sukan matsa wa naira.

Ƙuri'un jin ra'ayi kuma za su yawaita, da yawansu 'yan takara ne za su biya kuɗin yin su. Kafin mutum ya tura irin wannan sakamako ga wani, ya dace ya nemi sanin wanda ya ɗauki nauyinsa, da yadda aka samo waɗanda aka tambaya, da harshen da aka yi hirar, da yawan waɗanda suka ƙi amsawa, sannan ko an tambaye su suna da katin zaɓe kuma a ina rumfarsu take.

Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi shafar mutanen Abuja da kewaye. Da yawa daga cikin 'yan kasuwa da masu gadi da direbobin da ke zaune a Gwagwa da Karmo da Zuba a garuruwansu na asali suka yi rajista, a Funtuwa ko Azare ko Gusau, kuma sai sun yi tafiya suke zaɓe. Kuɗin motar zuwa da dawowa ya ninka abin da yake a 2023, saboda haka tsadar da ta fusata mutum ita ce kuma za ta iya hana shi isa rumfarsa, sai fa idan wani ɗan takara ne ya ɗauki nauyin motar. Hukumar zaɓe ta INEC tana ba da damar mayar da rajista zuwa inda mutum yake zaune muddin ana cikin lokacin rajista, kuma yawan waɗanda suka yi hakan, tare da yawan katunan da aka karɓa, zai fi nuna ko za a haura kashi 27 na 2023 fiye da duk wani adadi na masu cewa ƙasa ba ta kan hanya.